Kafin Ƙanƙara: littafin aikin wasan Viking da nake haɗawa

11 ga Janairu, 2025

Yau na yanka kwali na farko. Kwalin taliya ne, na karɓo a kantin bakin layinmu, na farke shi na shimfiɗa a kan tabarma, na ja layi a tsakiya: hagu gari, dama teku. Hazo ya rufe ko'ina tun safe, sanyi ya hana kowa leƙo waje, ni kuwa ya yi mini daidai, tunda wasan nawa ma labarin sanyi ne.

Abin ya faro ne wata uku da suka wuce, daren da na ci karo da bidiyon wani wasan allo a YouTube, Champions of Midgard, wanda Ole Steiness ya tsara, kamfanin Grey Fox Games ya fitar a 2015. Ga wanda bai taɓa ganin irinsa ba, kowane ɗan wasa yana da 'yan mutanensa na katako, ana ajiye su bi da bi a guraben da ke kan allon, wannan kasuwa, wancan wurin masu sassaƙa jirgi. Gurbin da wani ya riga ka shiga ya rufe ke nan sai zagaye na gaba, kuma daɗin wasan yana cikin wannan rige-rigen. Mayaƙa kuwa dayis ne irin na lido, ka tara su ka jefa a kan dodanni, abin da ya fito shi ne rabonka.

Wasan ya shiga raina. Kuɗinsa da na kawo shi sun fi ƙarfina, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, wanda ya fi tsaya mini, a can ma'aikaci daban ne, mayaƙi daban. In mayaƙi ya mutu sai ka ɗauko wani, gida bai san an yi ba. Alhali yawancin 'yan Viking, mutanen arewacin Turai da suka riƙa fita hari da fatauci a jiragen ruwa a zamanin da, manoma ne. A tsohon labarin sarakunan tsibiran Orkney, a arewacin Scotland, akwai wani mutum, Svein Asleifarson, wanda ya rayu a ƙarni na 12 a tsibirin Gairsay. In sanyi ya wuce sai ya yi shuka, shi da kansa yana cikin gona. Da an gama ya hau jirgi ya tafi hari, ya dawo bayan tsakiyar lokacin zafi, ya zauna har a kai amfanin gona rumbu, sannan ya sake fita. In hunturu ya kama, mutum tamanin ne ke ci a gidansa. Da na karanta wannan sai na ga wasana a gabana: mai gida da baki tamanin, da gona, da jirgi, da watanni kaɗan kafin ruwa ya daskare.

Saboda haka ƙa'ida ta farko, wadda ba zan taɓa ta ba ko me zai canja: dayis ɗin da ka tura gona shi ne dai wanda za ka tura teku. Babu ma'aikatan katako. Dayis biyar, su ne iyalinka.

18 ga Janairu

Na sayo dayis ashirin da huɗu a kasuwar Sabon Gari, launi huɗu. Ƙwayar masara ita ce sha'ir, tsinken ashana katako, murfin kwalbar lemo azurfa, 'ya'yan tsamiya kuma busasshen kifi.

Mutum biyu zuwa huɗu ne ke bugawa. Shekara shida ake yi, kowace shekara kashi huɗu: shuka, fita, girbi, hunturu. Gona kowa da tasa, amma ba ta ba ka komai sai ka sa mutum a cikinta lokacin shuka ka kuma sa lokacin girbi. Sauran guraben na kowa da kowa ne, wanda ya riga ya samu: bakin ruwa don kifi, daji don katako da fatu, maƙera, masaƙa, wurin sassaƙa jirgi, da dandalin taro. Dandalin na ɗauko shi daga taron da suke yi don yanke shari'a da sasanta rigima, irin wanda mutanen Iceland suka kafa na ƙasa baki ɗaya a wajen 930. A wasana wanda ya zauna a dandali shi ke fara ajiye mutum a zagaye na gaba. In hunturu ya zo kowane dayis yana cin abinci ɗaya, ko ya yi aiki ko bai yi ba.

Masaƙa ita ce na fi alfahari da ita. Jirgi ba ya nisa sai da babban ƙyallen nan da iska ke bugawa ta tura shi, kuma nasu na gashin tumaki ne, kaɗin hannu, saƙar hannu, aikin mata na watanni masu yawa. Ana yawan zancen gatari, ba a cika tuna mazari ba. A wasana in ba ka je masaƙa sau biyu ba, jirginka ba ya wuce gaɓar da ke kusa.

Kifin ma yana da labari. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake shigo da shi Najeriya daga Norway, wanda 'yan kudu ke sa wa a miya, a tsibiran Lofoten ake shanya shi a iska mai sanyi ba tare da gishiri ba, kuma sana'ar ta kai zamanin Viking. Irinsa ne guzurin da ba ya lalacewa a hanya. Mutum biyu a jirgi, kifi ɗaya a kowane zango.

1 ga Fabrairu

Gwaji na farko, mu huɗu: ni, ƙanena, 'yar yayata mai shekara goma sha biyu, da maƙwabcina malamin lissafi. Bai yi kyau ba.

Yadda na tsara faɗan shi ne, kowane gari da za a kai wa hari kati ne mai lambar ƙarfi. Ka jefa mutanen da ke jirginka sau ɗaya. Biyar ko shida sara ne. Ɗaya mutuwa ce, dayis ya koma kwali. Ƙaramin gari yana buƙatar sara biyu.

A shekara ta biyu ƙanena ya ɗora huɗu cikin biyar a jirgi, ya jefa, ɗaya ta fito har biyu, sara kuma guda. Ya dawo da mutum biyu hannu rabbana, ya tarar da ɗayan da ya bari a gida. Daga nan duk zagaye mu muna ajiye biyar shi yana ajiye uku. Ba shi da katakon gyaran jirgi, ba shi da wanda zai tura ya saro. Ya yi kusan awa guda yana kallonmu. Da muka kai shekara ta biyar ya ce, "Yaya, tun ɗazu aka gama da ni, zaman me nake yi?" Ban sami abin ce masa ba, domin gaskiyarsa ce.

'Yar yayata kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa jirgi ba. Ta yi noma, ta kama kifi, ta sayar da rara, ta cinye mu duka.

Bayan sun tashi Malam ya ja takarda ya zauna. Ya ce, "Zo ka ga abin da ka gina." Dayis ɗaya yana sara sau biyu cikin shida, wato kashi ɗaya cikin uku. In ka jefa huɗu, damar samun sara biyu ko fiye 33 ce cikin 81, kusan kashi 41 cikin ɗari. Damar a ce aƙalla mutum ɗaya ya mutu kuwa 671 ce cikin 1296, kusan kashi 52. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ka ga ke nan mai fita teku ya fi kusa da makoki a kan ganima. Yarinyar nan ita ce ta fahimci wasanka." Ni da ido na tsara faɗan, ban taɓa zama na ƙirga ba. Daga yau babu lambar da za ta shiga wasan nan sai ta bi ta takardar Malam.

8 ga Fabrairu

Na gwada bai wa kowa sabon mutum kyauta a farkon kowace shekara don cike gurbin wanda ya mutu. Matsalar ƙanena ta kau, amma kowa ya koma jefa mutanensa cikin teku ba tunani, tunda wani na tafe. Abin da na guda shi na dawo wa. Na soke.

22 ga Fabrairu

Ina jin na samo bakin zaren. Faɗa ya koma jifa biyu.

A jifan farko, ɗaya rauni ne. Dayis ɗin yana komawa shimfiɗar jinya, ya rasa zagaye guda na aiki, amma yana nan da ransa. Saran da ka samu ka ajiye shi gefe. In bai isa ba, zaɓi ya rage naka: ko ka juya jirgi ka koma gida da mutanenka, ko ka sake jefa waɗanda ba su yi sara ba kuma ba su ji rauni ba. A wannan jifan na biyu ne ɗaya take zama mutuwa. Yanzu babu wanda zai rasa ɗan gidansa sai shi da bakinsa ya ce a sake shiga.

Maƙera ma ta sami aiki. Mai gatari, huɗu ma sara ce gare shi, damarsa ta tashi daga kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Mutum huɗu masu gatari suna samun sara biyu a jifan farko sau 11 cikin 16, kusan kashi 69. Garkuwa tana tare ɗaya sau guda sannan ta tsage, domin nasu na siraran alluna ne, ba a yi su don su daɗe ba. Sabon mutum kuma ba kyauta ba ne: sai ka fita hunturu da rarar abinci uku kafin gidanka ya ƙaru da baki ɗaya. Noma ne ke haifar da mayaƙi.

Na ƙara abu ɗaya da tarihi ya ba ni. A 845 jiragensu sun bi kogin Seine har Paris, Charles, sarkin ƙasar, ya auna musu fam 7,000 na azurfa suka tafi. A 991, bayan yaƙin Maldon, Ingila ta biya fam 10,000. Sau da yawa ganin yawan jirage kaɗai ya isa a buɗe baitulmali. To a wasana in mutanen jirginka sun zarce ƙarfin gari da biyu, kana iya karɓar fansa ba tare da jifa ba. Ba ta kai ganima ba, amma kowa zai koma gida da ƙafarsa.

Mun buga da daddare, mai ɗakina ta karɓi kujerar Malam. A shekara ta huɗu ta isa wani gari mai ƙarfi uku, ta sami sara biyu a jifan farko, saura ɗaya tak, ga dayis biyu a hannunta. Ƙanena yana ta zuga ta, "Anti, jefa kawai, siki na nan tafe!" Ɗakin ya yi tsit. Ta daɗe tana jujjuya su a tafin hannu, ta kalli gonarta inda sha'ir shida ke jiran masu girbi, sai ta mayar da su cikin jirgi ta ce, "Hatsina na jira." Ta koma ba ko murfi ɗaya. Wannan shirun da aka yi kafin ta yi magana, shi nake nema tun ranar da na yanka kwali.

15 ga Maris

Azumi ya kai rabi, mun ajiye wasa sai bayan Sallah. Abin da nake yi bayan asham shi ne karatu, kuma karatun ya sauya mini rabin allon.

A 921 halifa al-Muƙtadir ya tura tawaga daga Bagadaza zuwa ga sarkin Bulgar na bakin kogin Volga, wanda ya nemi a aiko masa da masu koyar da addini. Cikin tawagar akwai Ahmad ibn Fadlan. Sun isa a 922, a can kuma ya ga fataken Viking da ake kira Rus, waɗanda suka gangaro da jiragensu daga arewa. Ya kwatanta tsayinsu da bishiyar dabino. Ya ce in dukiyar mutum ta kai dirhami 10,000 sai ya ƙera wa matarsa ƙawanyar wuya ɗaya, in ta ninka ya ƙara wata. Bayanin da ya bari yana cikin mafi daraja da duniya ke da shi a kan mutanen nan, kuma Musulmi ne ya rubuta shi da Larabci, da idonsa ya gani.

Abin da suke kaiwa fatu ne masu laushin gashi, da takubba, da bayi. Abin da suke dawowa da shi azurfa ce. A 1999 aka tono wata taska a gonar Spillings da ke tsibirin Gotland na Sweden, azurfa kusan kilo 67, a ciki da tsabar kuɗi sama da 14,000, kusan duka dirhamin ƙasashen Musulmi. Dirhamin da ake tonowa a ƙasashen nan da yawansu a Samarƙand da Shash aka buga su, garin da yanzu ake kira Tashkent, da kalmar shahada a jikinsu. Su ba rubutun ya dame su ba, nauyi suke bi. Suna yawo da ɗan ma'auni mai naɗewa, in ciniki bai kai dirhami guda ba su datse shi su auna gutsuren. Na daɗe ina kallon hotunan. Kuɗin da aka buga da sunan halifa ya ƙare a ƙarƙashin daɓen wani manomi a tsakiyar tekun Baltic, ya kwana shekara dubu da ɗoriya.

Saboda haka teku ta rabu biyu. Yamma hari, gabas fatauci. Hanyar gabas tana son fatu da kifi mai yawa, babu faɗa, sai dayis ɗaya da za ka jefa don wahalar kogi da jan jirgi a tudu. Maki kuma na ɗauko daga Ibn Fadlan: azurfa goma, ƙawanya ɗaya, ita ce ake ƙirgawa a ƙarshe. Azurfar da ba ka ƙera ba yunwa tana iya cinye ta, domin duk bakin da ka kasa ciyarwa a hunturu sai ka sayi abincinsa da tsada.

A yamma na sa kati ɗaya da ya fi kowane ƙarfi, Ishbiliya, wato birnin Seville na ƙasar Spain. A 844 sun taɓa Lisbon, suka shiga kogin Guadalquivir suka afka wa Ishbiliya, marubutan Andalus suna kiransu Majus. Sarkin Ƙurɗuba Abdurrahman na biyu ya turo runduna ta murƙushe su, aka ƙone musu jirage, bayan haka ya sa aka gina wa birnin ganuwa da wurin ƙera jiragen yaƙi. A kan wannan katin babu karɓar fansa, kuma ɗaya da biyu duka rauni ne.

Maganar bayi ta hana ni barci kwana biyu. Ba ƙaramin ɓangare ba ne na arzikinsu, Dublin ma babbar kasuwar bayi ce a hannunsu. Harin da aka saba fara tarihinsu da shi, na tsibirin Lindisfarne da ke Ingila a 793, a kan masu ibada Kirista ne da ba su riƙe da makami. Ba zan yi wa ɗan Adam ƙwayar masara a saye shi a sayar a kan tabarmata ba, yara na zaune. Ba kuma zan wanke mutanen nan in mai da su jarumai ba. Na yanke cewa babu bayi cikin kayan wasa, amma a bayan kowane katin gari zan rubuta abin da ya faru da mutanen garin a layi biyu ko uku, wanda ya ci garin kuma shi zai karanta a bayyane kafin ya ɗebi azurfarsa. Gumakansu ma ban ba su gurbi a allon ba. Gona da ruwa da ƙarfe sun ishe ni.

5 ga Afrilu

Kawu ya zo gaisuwar Sallah ya kwana biyu. Ya tarar da mu a kan tabarma, ya tsaya yana kallo har muka gama shekara guda. Da yara suka fita ya kira ni gefe.

"Ɗana, aikin hannunka ya yi kyau. Amma wannan abin da kuke jefawa fa?"

Na ce, "Kawu, ba kuɗi a ciki, ko sisi."

Ya ce ya sani, ba caca yake zargina da ita ba. Ya tuna mini hadisin nardashir, wani tsohon wasan jefa dayis, da ke cikin Sahihu Muslim, ya ce malamai da yawa sun tsananta a kan wasan da ake jefa irin wannan ko da babu kuɗi. Ya ce, "Ban ce ka ƙone shi ba. Amma akwai gidajen da abin nan ba zai shiga ba, kai kuma ka ce don mutanenmu kake yi."

Maganar ta zauna mini, domin ban yi tunaninta ba ko kaɗan, na taso ina ganin lido a kowane lungu. Hukunci na malamai ne. Abin da ke hannuna shi ne in buɗe wa wanda ke gudun dayis wata ƙofa. Na kwana uku a kai. Ga abin da na fito da shi: mutanen gida su zama 'yan guntayen katako, kowane ɗan wasa kuma a ba shi kati goma sha biyu, daga ɗaya zuwa shida sau biyu, a buɗe a hannunsa. In faɗa ya zo, shi zai zaɓi katin da zai ɗora wa kowane mutum. Sharaɗin shi ne katin da ka yi amfani da shi ba ya dawowa sai ka ƙarar da duka goma sha biyun. In ka kashe biyar da shida a harin bana, baɗi da ɗaya da biyu za ka fita, kuma kowa a tabarmar ya san haka. Babu sa'a a ciki ko ƙwaya, sai lissafi da haƙuri.

Na nuna wa Kawu kafin ya hau mota. Ya jujjuya katunan ya ce, "To, wannan dara ce." Ya sa mini albarka.

26 ga Afrilu

Zafi ya yi yawa, wuta kuma ba ta zama, a tsakar gida muke bugawa da fitilar caji.

Hanyar kati ta yi aiki fiye da zatona. Malam ya fi son ta, ya ce yanzu ne yake ganin laifinsa in ya faɗi. Ƙanena ya ce ba ta da bugun zuciya. Duka biyun za su shiga kwali, a rubuta a murfi cewa ana iya bugawa ba dayis.

Matsalar yanzu gabas ce. Wasa huɗu a jere, duk wanda ya riga kama hanyar Volga shi ke ci. Riba mai yawa, haɗari kaɗan. Na mai da tafiyar zagaye biyu, wanda ya fita lokacin fita ba zai dawo ba sai an gama girbi. Hakan ya fi kusa da gaskiya ma, tafiya ce ta watanni. Yanzu mai son dirhami sai ya bar isassun hannaye a gona, ko ya dawo da azurfa ya tarar da rumbu wayam ya mayar da ita kan abinci. Mun buga sau biyu da sabon tsarin, ɗaya mai gabas ya ci da ƙawanya guda, ɗaya mai haɗa noma da fansa.

17 ga Mayu

Ɗan abokina mai zane a kwamfuta ya kawo hotunan farko. Hannunsa yana da kyau ƙwarai, amma duk mutumin da ya zana ya ɗora masa hular ƙarfe mai ƙaho biyu. Na ce, "Ɗana, cire ƙahonin nan." Ya ce, "Baba, in babu ƙaho wa zai gane su?" Na nuna masa hoton hular da aka tono a gonar Gjermundbu ta Norway a 1943: ƙoƙo ne mai santsi da abin kare idanu kamar tabarau, babu ƙaho. Ƙahon masu ɗinka kayan wasan dandamali ne suka yaɗa shi a Jamus a ƙarni na 19. Ya karɓa, ya ce tabaraun ma ya fi ban tsoro.

Jirgin da ke murfi na Gokstad ne a Norway, wanda aka tono a 1880 daga kabarin wani babban mutum, tsawonsa ya haura mita 23, da ramukan sandar tuƙi goma sha shida a kowane gefe. Garkuwoyin da aka jera a jikinsa launi biyu ne bi da bi, rawaya da baƙi, haka na sa ya zana. A cikin jirgin nan an sami gutsuren allon wasa mai fuska biyu, kuma fuska ɗaya ta wasan jera uku ce, wanda in ka jera ka cire ɗan abokin karawarka. Duk wanda ya taɓa zama a gindin bishiya ana dara ya san wannan. Saboda haka bayan allona zan buga gidajen dara, talatin, biyar sau shida, allo ɗaya wasa biyu kamar nasu.

Bugun gwaji bai zo daidai ba. Wurin da na kai sun yanke gefen dama da kusan yatsa biyu, hanyar gabas ta rasa zangonta na ƙarshe, shuɗin teku kuma ya fito kamar bula ta yi yawa a wanki. Sun yarda za su sake, na ƙara faɗin gefe a fayil ɗin don kada a maimaita.

14 ga Yuni

Ruwa ya sauka, an yi Babbar Sallah, yau kuma aka yi gwajin da na fi jin tsoro. Ƙanena ya kawo abokansa huɗu daga makaranta waɗanda ba su taɓa ganin wasan ba. Na miƙa musu kwali da takardar ƙa'idoji mai shafi shida, na koma gefe da littafina, da alkawarin ba zan buɗe baki ba.

Minti ashirin suka yi kafin su fara. Sun gane ajiye mutane nan take. Sun yi kuskure a gona, suna girbi ba tare da sun yi shuka ba har shekara biyu, laifin shafi na uku ne, na binne sharaɗin a tsakiyar dogon sakin layi. Wasan ya ɗauki awa ɗaya da minti hamsin, ina so ya sauko zuwa awa ɗaya da rabi, wataƙila in rage guraben daji daga uku zuwa biyu.

A shekara ta biyar ɗaya daga cikinsu ya ci wani gari a gaɓar Ireland, ya kai hannu zai kwashi murafe, na kusa da shi ya riƙe masa hannu ya ce, "Malam, karanta bayan katin tukuna, haka aka rubuta." Ya karanta. Dariyar da ake yi ta ɗan lafa, sannan aka ci gaba.

Da hunturun ƙarshe ya zo gardama ta tashi. Ɗaya yana da mutum biyu a shimfiɗar jinya, abincinsa kuma bai kai ba, yana cewa ai majinyaci bai yi aiki ba, bai kamata a ƙirga shi ba. Suka duba takarda ba su ga komai ba, domin ban rubuta ba. Suka juyo gare ni, na girgiza kai. Sai wata daga cikinsu ta ce, "Haba, ɗan gidanku ne fa. Don ya ji ciwo sai a hana shi tuwo?" Suka sa ya biya azurfa huɗu, ya rasa ƙawanyar da yake shirin ƙerawa, ya zo na biyu.

Na rubuta hukuncinta a shafi na biyar yadda ta faɗe shi, na gyara kalma biyu kawai. Gobe zan sake shafi na uku, ranar Litinin in koma wurin kafinta a kan guntayen katakon hanyar kati, ya ce ashirin da huɗun za su fito daga ragowar allo ɗaya.